Yadda Ake Tsara Takardar Koyar da Masu Jinya: Misali da Katin ORS da Zink

Lokacin ina sabuwar ma'aikaciya a wani ƙaramin asibitin karkara, na rubuta takardar bayani kan yadda ake haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na fakiti da ake damawa da ruwa don mayar wa mai gudawa ruwan jikinsa, aka yi mini kwafinta da yawa, muka riƙa raba wa iyayen yara masu gudawa. Duk abin da na rubuta gaskiya ne, daga littafi na ɗauko shi. Wata safiya da damina wata baiwar Allah ta dawo da ɗanta ya fi jiya galabaita, leɓe a bushe, yana ta kukan ƙishi. Na ce, "Maman yaro, kin ba shi ruwan kuwa?" Ta ce, "Wallahi Malama na ba shi, har da kauri na yi masa don ya fi kama jiki." Da na bi diddigi, ashe fakiti guda cur ta juye a kofin shayi. Takardata ta ce "lita ɗaya". Ita kuwa a wurinta lita ma'aunin fetur ce da kananzir, ba ta da alaƙa da ruwan randa. Gishirin da ya kamata ya ceci yaron shi ya so ya yi masa illa. Allah Ya sa ya tashi, amma tun daga ranar ban ƙara sakin takarda ba sai na ga wadda aka yi dominta ta aikata abin da ke ciki da hannunta, a gabana.

Zan bi matakan da nake bi yanzu ɗaya bayan ɗaya, da misalin katin gudawar yara, don shi na fi sani. Hanyar ɗaya ce ko da kan hawan jini za ku rubuta, ko ciwon suga, ko sikila.

Mataki na farko: ku ajiye biro, ku hau benci

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin ku buɗe kwamfuta, ku ɗauki kwana biyu ko uku kuna zama a bencin da iyaye ke jiran layi, kuna hira da su kamar hirar gidan suna. Ku ji da wane suna suke kiran ciwon. Wata za ta ce gudawa, wata zawo, wata zawayi, in da jini da majina a ce atini. Ku ji me suke ganin ya kawo shi. Da yawa za su ce haƙori yake yi, wasu su ce nonon uwar ne ya ɓaci, ko maɗigarsa ce ta faɗa. Kada ku gyara wa kowa magana a wannan matakin, ku dai rubuta yadda ta fito daga baki.

Abu uku nake so in fita da su daga wannan zama. Na farko, me ake yi wa yaron a gida kafin a zo asibiti: jiƙo, ko maganin kemis, ko hana shi ruwa don kada gudawar ta ƙaru? Na biyu, da me ake awon ruwa a gidan? Na uku, kuma wannan shi ake yawan mantawa, wa ke da ta cewa? Sau da yawa uwar goyo yarinya ce, a gidan surukai take, ba ta isa ta ba yaro sabon abu ba sai kaka ta yarda, ba ta kuma fita zuwa asibiti sai maigida ya ba da izini da kuɗin mota. In haka ne, katinku yana da masu karatu uku, ba ɗaya ba. Ku leƙa wurin unguwarzoma da mai kemis ɗin unguwa ma, don su ake fara zuwa wa kafin ku.

Mataki na biyu: ku tsayar da abin da kuke so a yi

Ma'aikacin lafiya yana da ciwon son ya zazzage duk abin da ya koya a makaranta: ire-iren ƙwayoyin cuta, yadda hanji ke tsotsar ruwa, adadin yaran da ke mutuwa a duniya. Uwar da ɗanta ke zubar da ruwa a cinyarta da ƙarfe biyun dare ba wannan take nema ba. Tambayarta ɗaya ce: yanzu me zan yi?

Ku rubuta duk abin da kuke so ku faɗa a kan farar takarda, sannan ku bi kowane layi da tambaya: in ba ta san wannan ba, yaron zai cutu? In amsar a'a ce, ku soke. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. A katin gudawa, bayan sokewa, abu huɗu suka rage mini: yadda ake haɗa ruwan da ba da shi, shan ƙwayar maganin zink har kwana 10, ci gaba da nono da abinci, da alamomin da ke cewa a tafi asibiti yanzu-yanzu. Wanke hannu da sabulu da tsabtar masai suna da muhimmanci ƙwarai, amma nasu katin daban ne, na ranar da yaro ya warke hankalin uwa ya kwanta.

Mataki na uku: ku tabbatar da kowane adadi

Nan babu gaggawa, babu kuma dogaro da ƙwaƙwalwa. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa haɗa ORS da zink wajen jinyar gudawar yara, kuma a 2019 aka sa fakitin da ya haɗa su biyun cikin jerin muhimman magunguna na hukumar. Ƙa'idar da aka bayar a 2004 ita ce: yaro daga wata 6 zuwa sama ya sha miligiram 20 na zink kullum, wanda bai kai wata 6 ba ya sha miligiram 10, tsawon kwana 10 zuwa 14. Ruwan ORS kuwa, bayan kowace gudawa, wanda bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100, mai shekara 2 zuwa 10 a ba shi 100 zuwa 200. In ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba a hankali. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar.

Amma kada ku tsaya a littafi. Ku je ɗakin magani na asibitinku da kemis biyu ko uku na kusa, ku ɗauko ainihin fakitin da ke hannun mutane, ku karanta bayansa. Mafi yawan wanda muke gani na lita ɗaya ne, amma akan yi na rabin lita. In katinku ya ce abu ɗaya fakiti ya ce wani, kun jefa uwa cikin ruɗani. Ku duba ƙwayar zink ɗin ma, mai miligiram 20 ce ko 10, don a kanta "rabin ƙwaya" ya dogara. Bayan nan ku ba likita ko mai harhaɗa magani ya duba ya sa hannu, kuma ku daidaita da jagoran ma'aikatar lafiya ta ƙasarku.

Mataki na huɗu: ku mayar da shi maganar gida

A nan aikin yake da nauyi, kuma a nan mafi yawan takardun da nake gani suke faɗuwa. An rubuta su da Turanci ko Faransanci a ofis, aka ba wani ya juya kalma bayan kalma, sai ka ga Hausa ce a ido amma kunne bai san ta ba. "Ana shawartar masu kulawa da su tabbatar da ci gaba da samar da ruwa ga majinyaci." Wa ke magana haka a tsakar gida? Ku rufe takardar Turancin, ku kalli wata uwa a zuciyarku, ku faɗa mata da baki, sannan ku rubuta abin da bakinku ya faɗa: "Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, kada ki gaji."

Ku yi magana da mutum kai tsaye, da "ki" ko "ku". Kowace jimla ta ɗauki aiki ɗaya. Ku jera ayyukan yadda hannu zai yi su: wanke hannu, awon ruwa, juye fakiti, motsawa, bayarwa. Ku fi yawaita faɗin abin da za a yi a kan abin da ba za a yi ba, domin mai karatu da ƙyar yakan tsallake "kada" ya riƙe sauran. Maimakon "kada ki daina ba shi nono", ku ce "ki ƙara ba shi nono fiye da kullum".

Sai batun awo, wanda shi ya kusa kashe yaron da na ba ku labari. Ku nemi ma'aunin da ke kowane gida kuma girmansa ba ya canzawa. A garuruwanmu na Nijeriya ledar fiya wata ta fi komai sauƙi: mai santilita 50 guda biyu sun yi lita ɗaya daidai, kuma ruwan ya fi na rijiya aminci. Amma ku lura, akwai masu yin ta 60, saboda haka ku sayo na unguwarku ku karanta abin da ke jiki. A ƙauyen da ba a sayar da ita, ku nemi gorar roba da kowa ya sani, ku auna da kanku, ku nuna iyakar inda ruwa zai tsaya, ku kuma ce a tafasa ruwan ya huce. Kofi, moɗa da ludayi ba su da amana wurin haɗawa, don kowane gida da girman nasa. Cokali ma haka: in kun ce "cokali" kawai, wata za ta ɗauko na shayi, wata na cin shinkafa.

Wurin bayarwa, ni na daina rubuta mililita gaba ɗaya. Ina zana kofi a bayan katin da ainihin girmansa, da layi a inda ruwa zai kai, uwa ta gwada da nata. In ta zo da kofinta asibiti, ina auna mata da sirinji in ja layi a jikinsa da alƙalamin da ba ya gogewa.

Lokaci ma awo ne. "Awa 24" ba ta zama a kan mutum kamar "in kin haɗa da safe, gobe da safe ki zubar da ragowar ki haɗa sabo". "Sau ɗaya a rana" ya fi kamawa in an ɗaura shi a kan abin da ake yi kullum: bayan kokon safe, ko bayan sallar asuba. Lokutan salla agogo ne mai kyau a gidaje da yawa, amma ku tuna masu jin Hausa ba duka Musulmi ba ne. A kudancin Kaduna, Filato, Bauchi da wurare da dama katin zai shiga gidajen Kirista. Ku sa hoton fitowar rana kusa da kalmar, kowa ya samu nasa.

Akwai kalmomin da suke da faɗi fiye da yadda muke zato. Shawara, basir, sanyi, kowannensu a bakin mutane ya ƙunshi cututtuka da yawa da likita zai raba. In dole ku yi amfani da irinsu, ku bi su da alamar da ido ke gani. Haka nan alamomin haɗari: kada ku ce "rashin ruwa mai tsanani". Ku ce ya kasa kama nono ko shan ruwa, yana amayar da duk abin da ya sha, idonsa ya faɗa, maɗiga ta lotsa, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, akwai jini a kashinsa, yana jijjiga, ko jikinsa ya yi zafi.

Game da abin da mutane suka yi imani da shi, shawarata ita ce kada ku buɗe faɗa a kan kati. In kun rubuta "haƙori ba ya kawo gudawa, camfi ne", kaka za ta ji an raina ta, katin ya ƙare a murhu. Na fi son in rubuta: "Ko da haƙori yake yi, ruwan jikinsa ne ke zuba. A mayar masa da shi." Ba ku yi ƙarya ba, ba ku zagi kowa ba, yaro kuma ya sha ruwansa. Haka maɗiga: kakanninmu sun yi gaskiya da suka ɗauki faɗawarta abin tsoro. Abin da za mu ƙara musu kawai shi ne dalilin, da inda za a nufa.

Ku kuma faɗi abin da ba shi da daɗi. Zink yakan sa wasu yara amai ko tashin zuciya, musamman in ciki babu komai. In kun ɓoye, uwa ta gani da kanta, ta daina, ta kuma gaya wa maƙwabta. Jama'armu suna da dalilin yin tambaya a kan magani. Ba a manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma kowa ya ga yadda rashin yarda ya tsayar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Layi ɗaya ya isa: "Wani yaron yakan yi amai. Ki ba shi bayan ya ci abinci ko ya sha nono." Sannan ku faɗi ribar kammala kwana 10, don yawanci gudawar takan tsaya tun kafin nan uwa ta ajiye sauran: zink yana rage tsawon ciwon, yana kuma taimakawa wajen kare yaro daga sake kamuwa na wata biyu zuwa uku.

Mataki na biyar: hoto

Gani ya kori ji, amma fa in an gane abin da aka gani. Karanta hoto ma koyo ne. Wanda bai saba da littafi ba yakan ɗauki zane yadda yake. Ku zana ƙuda ya kai girman kaza don a gan shi da kyau, a ce muku irin wannan ƙudan babu shi a garinmu. Ku zana hannu shi kaɗai yana zuba ruwa, a ce hannun wa aka yanke? Ku ja jan layi a gicciye kan hoton abin da ba a so, wata ba za ta san ma'anar layin ba, sai ta kwaikwayi hoton. Saboda haka ku zana mutum cikakke yana yin abin da ya dace, kowane hoto aiki ɗaya, babu tarkacen ado a baya.

Matar da ke cikin hoton ta yi kama da masu zuwa asibitinku: zaninta, ɗankwalinta ko hijabinta, tabarmarta, langarta. Kada a sa ta a kicin mai firiji da famfo. Ku sa uba a hoto ɗaya aƙalla, musamman na tafiya asibiti, shi ne ɗauke da yaron ko yana tuƙa babur. Ku sa kaka tana riƙe da cokali. Wanda ya ga kansa a kati yakan ɗauka da shi ake. Fakitin ORS da na zink kuwa a nuna su yadda suke a kanti, da launinsu, don a gane su ko ba a iya karanta sunan ba. In za ku yi amfani da hoton yaro na gaske, sai da yardar iyayensa bayan an yi musu bayanin inda hoton zai shiga. Ni na fi son zane, ya raba ni da wannan nauyin.

Don kwana 10 na zink, ku zana akwatuna 10 a jere, kowane da ƙwaya a ciki, uwa ta riƙa sokewa da gawayi ko biro kullum. A duk katin, wannan ne abin da na ga ya fi aiki.

Mataki na shida: haruffa da shimfiɗa

Rubutu ya zama manya, kada ya gaza lamba 14 a kwamfuta, baƙi a kan fari. Ku tuna da fitilar da za a karanta shi: tocilan ɗin waya ko aci-bal-bal, a hannun kakar da idonta ya fara hazo. Kada ku rubuta jimla duka da manyan baƙaƙe, sun fi wuyar karantawa. Ku bar fili tsakanin layuka. Kada ma'ana ta rataya a kan launi kaɗai, don akwai waɗanda ba sa bambance ja da kore, kuma ko ba daɗe ko ba jima wani zai yi kwafin katin a baƙi da fari.

Ku kula da haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ. Wasu na ganin ado ne. To, a takardar lafiya "jini a kashi" daban, "jini a ƙashi" daban. "Ba ta ruwa" daban, "ɓata ruwa" daban. Ku zaɓi samfurin rubutu da ke ɗauke da su, irin Andika da aka yi musamman don masu koyon karatu, ko Noto Sans, sannan ku duba bugun gwaji da idonku, don a wasu maɗaba'u sukan rikiɗe su koma akwatuna. In katin zai tsallaka Maraɗi ko Damagaram, ku sani can ana rubuta ƴ inda muke rubuta 'y, kuma ma'aikatan can SRO suke cewa, ba ORS ba. A sa wani daga can ya duba.

Sai ajami. Mutane da yawa da muke rubuta wa "ba ya karatu" a fayil suna karatu sarai, boko ne kawai ba su yi ba. Wanda ya yi makarantar allo yakan iya bin Hausa da haruffan Larabci. In a yankinku haka ne, ku yi gefe ɗaya boko, ɗaya ajami. Ku samu malami mai kyan hannu ya rubuta da wasulla cikakku irin na allo, a ɗauki hotonsa a saka, sannan wani malamin daban ya karanta muku ba tare da ya ga bokon ba, don rubutun ajami ba shi da ƙa'ida ɗaya tak da kowa ke bi. Mai karatun ajami daga dama yake farawa, har hotuna ma yakan bi su haka; mafita ita ce a jera hotunan daga sama zuwa ƙasa, kowane da lambarsa. Kuma ina roƙonku kada ku sa aya ko sunan Allah a takardar da kun san wata rana za ta faɗi ƙasa ko a naɗe ƙosai da ita. Wannan yana ɓata wa mutane rai, kuma da gaskiyarsu.

Mataki na bakwai: waɗanda takarda ba ta isa gare su

Makauniya ma tana goyo. Kurma ma yana da 'ya'ya. Bafulatanar ruga da ke jin Hausar kasuwa kaɗai ita ma tana zuwa asibitinku. Ku naɗi saƙon katin da murya, bai wuce minti biyu ba, da muryar mace mai natsuwa, kalmomin iri ɗaya da na katin, a riƙa tura shi ta WhatsApp ko ta bulutut zuwa ƙananan wayoyi. Ku sa a yi shi da Fulatanci ko Barbarci ko duk harshen da ke kusa da ku, daga bakin ɗan harshen. Ga mai larurar gani, ku ba ta fakitin da ledojin ruwan a hannu ta shafa, ta haɗa kuna tsaye, ta ƙirga ƙwayoyin da yatsa. Ga kurame, ɗan gajeren bidiyo da maganar hannu ya fi shafi goma, kuma ƙungiyoyinsu na nan a manyan garuruwa, su za ku nema su yi shi, ba ku yi musu ba.

Mataki na takwas: gwaji

Duk abin da ya gabata shiri ne, nan ne hukunci. A Bangaladesh, daga 1980 zuwa 1990, ƙungiyar BRAC ta bi gida-gida tana koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da mazarƙwaila, ta kai gidaje sama da miliyan 10. Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne ba a auna ma'aikaciya da yawan gidajen da ta shiga kawai ba. Wasu ne daban ke komawa daga baya su tambayi iyayen, su sa su haɗa ruwan, kuma ladan ma'aikaciyar ya danganta da yadda iyayen suka iya. Da wannan idon nake so ku dubi katinku.

Ku buga kwafi kaɗan a injin ofis. Ku samu mutum 8 zuwa 10 irin waɗanda aka yi katin dominsu: mai karatu da marar karatu, amarya mai goyon fari, kaka, uba. Ban da ma'aikatan asibiti da 'yan'uwanku. Ku gana da su ɗaya-ɗaya, don a taro kowa amsar ta farko yake bi. Ku fara da cewa, "Inna, ba ke muke gwadawa ba, takardar muke gwadawa. In kin ga aibinta kin taimake mu."

Da farko ku rufe rubutun, ku nuna hoto: "Me kika gani a nan? Me matar nan take yi?" Ku yi shiru ku jira. Jiran yana da wuya, baki zai so ya taimaka, amma ku daure, don a gida ba kwa nan. Sannan ku ajiye mata fakiti, ruwa, jug da cokali: "Ga shi, ki haɗa mini yadda katin ya ce." Ku kalli hannunta. Ta juye duka ko ta rage rabi don gobe? Leda nawa ta fasa? Daga nan ku ce, "In kin koma gida kakarsa ta tambaye ki me aka ce a asibiti, me za ki faɗa mata?" da "Me za ki gani a jikinsa ki ce wa maigida a tashi a tafi?"

Tambayar da ba na yi ko kaɗan ita ce "kin gane?" Mutanenmu masu kunya ne da kara. Mace za ta ce "na gane, Malama" don kada ta ba ki wahala, ko kada a ga gazawarta. Ita ma "katin ya yi kyau?" amsarta a shirye take tun kafin a tambaya.

Duk inda mutum biyu suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, laifin katin ne. Ku gyara, ku sake gwadawa da sababbin mutane. Katin da nake amfani da shi yanzu sai da ya zagaya sau uku. A zagaye na farko wata ta ɗauka hoton jug ɗin buta ce. A na biyu wani uba ya fahimci akwatuna 10 ɗin a matsayin ƙwaya 10 a sha lokaci guda, abin da ya sa na ƙara rana a saman kowane akwati.

Mataki na tara: bugawa da miƙawa

Rabin farar takarda ta ofis, gaba da baya, a kan kwali mai ɗan kauri, ya isa. Ya shiga cikin katin rigakafin yaro, wanda shi ne takardar da iyaye suka fi adanawa. Na bango a lulluɓe shi da leda saboda ƙura da danshi, a manna shi daidai idon mai zaune a benci, ba can sama kusa da rufi ba. A ƙasan katin ku sa sunan asibitinku, da wata da shekarar bugawa, da lambar waya in har akwai mai ɗagawa. Lambar da ke ringin babu amsa gara babu ita. Ku sa wa kanku lokacin sake dubawa, shekara-shekara ko duk ranar da fakitin da ake kawowa ya canza, kuma ku kwashe tsofaffin daga durowa ku lalata kada su cakuɗe da sababbi.

Ku zauna da duk masu miƙa katin, har da masu aikin dare da masu kemis da suka yarda, ku nuna musu yadda ake bayarwa: a buɗe shi tare da uwa, a bi hotunan da yatsa, a haɗa fakitin farko a nan asibiti da hannunta, yaron ya fara sha, a soke akwatin farko na zink tare. Minti biyar ne. Bayan wata ɗaya ko biyu, ku riƙa tambayar masu dawowa awo ko rigakafi su nuna muku katin, ku ƙirga akwatuna nawa aka soke. In mafi yawa suna tsayawa a na uku ko na huɗu, layin da ke bayanin dalilin kammala kwana 10 ne bai yi ƙarfi ba, sai ku koma benci ku ji daga bakinsu abin da ya tsayar da su.